Daga Zariya Zuwa Jos a Kan Falanki Guda

A ƙasashen Turai, da Amurka da Japan, akwai wani aikin sha'awa wanda har yanzu Hausa ba ta raɗa masa suna ba, kasancewar abin da ido bai saba gani ba, baki ba ya yi masa laƙabi. Za ka tarar da magidanci mai iyali, likita ko alƙali ko direban bas, ya taso daga aiki ya ci abincin dare, sa'an nan ya shige wani ɗaki ya duƙufa a kan tebur yana gina ƙasa sukutum da guda: ga duwatsu da kwazazzabai, ga gadoji da ƙauyuka, ga itatuwa da garken shanu, ga kuma layin dogo ya ratsa ta tsakaninsu, da wani ɗan jirgin ƙasa wanda kansa bai fi tsawon yatsa ba yana tafe da ƙarfin lantarki yana jan taragunsa. Faransawa suna kiran irin wannan gini maket. Masu yinsa suna da ƙungiyoyi da bukukuwan nuni da mujallu nasu na kansu. Ɗaya daga ciki, Loco-Revue, tun shekarar 1937 aka fara buga ta a Faransa. A birnin Hambur na Jamus kuwa, wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001 ya mai da abin kasuwa, har baƙi suna bin layi suna biyan kuɗi don su yi kallo.

Ni ma, ƴan uwa masu karatu, ina cikin waɗanda wannan lalura ta kama, ga shi kuwa ina zaune a ƙasar da jirgin ƙasa bai taɓa zama abin hawan jama'a ba. Saboda haka na saba da kallon mamaki, na kuma saba da tambayar da ke biye da shi: shin me dattijo mai furfura, wanda ya share shekara talatin yana aikin gwamnati, yake nema a cikin kayan wasan yara? Na ga ya kyautu in ba da amsar sau ɗaya a rubuce, ko na huta da maimaita ta a bakin zaure.

A cikin shekarun 1980 aka tura ni ƙaro ilimin awon ƙasa a kudancin Faransa. Wata ranar Lahadi wani abokin karatuna ya kai ni garin Turnon, a bakin kogin Ron, muka shiga wani tsohon jirgi mai aiki da wuta da tururi zuwa Lamastir, tafiyar kilomita 33 a cikin kwazazzabo. Wannan layi na yankin Vivarais an buɗe shi a 1891, aka rufe shi a 1968 bayan motoci sun ƙwace masa ciniki, sai masu sha'awa suka haɗa kai suka sake tayar da shi a 1969. Abin da ya ɗauki hankalina, a matsayina na mai awon hanya, shi ne yadda dogon ke manne da jikin dutse kamar turbar awaki, yana lanƙwasa a inda babban jirgi ba zai taɓa iya juyawa ba. Da maraice abokin nawa ya kai ni wurin mahaifinsa, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya gina wani yanki na wannan kwazazzabo a ɗakinsa na ƙasa. Na sunkuya na ga gadar da muka haye da safe, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma hatta gansakukar da ke gindin ginshiƙanta tana nan. Ranar da zan komo gida tsohon ya miƙo mini kwalin takalmi, a ciki da kan jirgi guda, da taragu uku, da ƴan ƙarafan dogo masu tazarar milimita 9 waɗanda ya daina amfani da su.

To, bari in warware maganar tazara, domin ita ce gindin zancen duka. Yawancin layukan dogo na duniya suna da milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, awon da aka gada daga injiniyan Ingila George Stephenson. Duk layin da bai kai wannan faɗi ba, shi ake kira siririn dogo. Dalilin yinsa kuwa kuɗi ne. Idan dogo ya matse, yana iya shan kwana a ɗan wuri, sai ya zagaye dutse maimakon a huda shi, ya bi gefen rafi maimakon a cike shi da ƙasa. Taragunsa ƙanana ne, gadojinsa marasa nauyi. A yankin Wales na Birtaniya, layin Ffestiniog mai milimita 597 ya fara aiki a 1836 yana sauko da allon dutsen rufin ɗaki daga kan tsauni zuwa bakin teku. Taragu masu kaya su ke gangarowa da kansu, dawaki na ciki suna hutawa, in an sauke kaya dawakin su ja su zuwa sama, har zuwa 1863 da aka kawo kawunan jirgi masu tururi. A Faransa kuma wani manomi, Paul Decauville, wanda ruwan sama ya mai da gonarsa taɓo a 1875 har amalanke ya kasa shiga kwasar amfani, ya ƙirƙiro dogon da ake ɗauka gunduwa-gunduwa a shimfiɗa a inda ake so. Daga nan sunansa ya bi duniya: a babban baje kolin birnin Paris na 1889, ɗan jirginsa mai milimita 600 ya ɗauki mutane fiye da miliyan shida. Da Turawa suka zo Afirka, lissafin araha ɗin nan suka yi: Faransawa suka shimfiɗa mita ɗaya daga Dakar da Abijan da Kotonu, Ingilishi suka shimfiɗa milimita 1,067 a Najeriya.

Abin da ya sa gwamnatoci masu tsumulmula suka so siririn dogo, shi ne ya sa masu maket suke sonsa. Mai ƙaramin ɗaki ba zai iya kwaikwayon jirgin Paris zuwa Marsey ba, wanda tarago ɗaya nasa ya kai mita ashirin da wani abu. Amma jirgin ƙauye mai taragu huɗu, wanda ke tsayawa a gindin bishiya ya ɗauki buhu goma da akuya biyu, yana shiga kan tebur ya bar wa duwatsu da itatuwa fili. A irin wannan gini ƙasar ita ce uwar ɗaki, jirgin baƙo ne mai wucewa.

Sai maganar awo. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fara tsayar da tazarar dogon wasa, yadda kayan bana za su dace da na bara. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ake kira H0, wato kowane abu a raba girmansa gida 87. Mita ɗaya ta koma milimita goma sha ɗaya da rabi. Mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita biyu. Kuka mai mita 15 ta koma santimita 17. Babban dogo na 1,435 ya zama milimita goma sha shida da rabi, na mita ɗaya ana yi masa milimita 12, na milimita 750 ko 760 kuwa ana yi masa milimita 9. Wannan na ƙarshe wani ƙaramin kamfanin Jamus, Egger-Bahn, shi ya fito da shi kasuwa a 1963, kuma irinsa ne tsohon nan ya ba ni. Da na zauna da alƙalami na ninka 9 sau 87, sai na tarar da awon da ya kusa yin daidai da na wani jirgi da na sha jin labarinsa tun ina yaro.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, falke ne. Yana kai kanwa da dabino Kano daga Damagaram, kuma a ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana kai tufafi sansanonin haƙar kuza na Jos. Ya kan ba mu labarin wani ɗan ƙaramin jirgi da ake shiga daga Zariya, wanda in ya kama hawan dutse, in ji shi, mai ƙwarin ƙafa zai iya sauka ya sha iska ya sake hawa. Mu yara muna ɗaukar zancen kamar tatsuniya. Ashe jirgin gaskiya ne. Turawan mulki sun shimfiɗa shi da tazarar milimita 762 domin fitar da kuza, wadda kafin nan a ka ake ɗaukarta. Ya isa Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa wajen kilomita 230, yana tashi daga filin Zazzau ya haura tudun da ya kai mita 1,200 bisa teku. Sunansa a takardu ƙaramin dogon Bauci. An rufe shi a 1957, aka tumɓuke ƙarafansa. Na ƙudura cewa abin da mahaifina ya gani da idonsa, ni ma zan sa jikokinsa su gani, ko da a kan falanki ne.

Amma kilomita 230, in an raba gida 87, sun haura kilomita biyu da rabi, ni kuwa abin da nake da shi falanki ne mai tsawon mita biyu da rabi da faɗin santimita 90, wanda a ƙasar gaskiya bai fi taku ɗari uku ba. Nan ne aikin ya bar hannun mai awo ya koma hannun mai tsara labari. Dole mutum ya zaɓi abin da zai faɗa, ya bar sauran. Na zaɓi abu uku: ƴar tasha mai dogo biyu inda jirage ke kauce wa juna, da gada guda a kan rafi, da hawan dutse irin na wajen Jengre inda layin ke fara haurawa tudu. Sauran kuwa dabarar ruɗin ido ce. Itatuwan baya a yi su ƙanana fiye da na gaba, sai wuri ya yi nisa. Dogo ya ɓace a bayan dutse, sai mai kallo ya ɗauka ya wuce Jos, alhali ya zagayo ne ta bayan allon da aka zana sararin sama a kai. Hawan kuma kada ya wuce santimita uku a kowace mita, in ba haka ba ƙafafun ɗan jirgin su yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Ginin dutse ya fi kome daɗi. A kan yi ƙashin tudu da yankakken kwali ko ragar waya, a lulluɓe da tsofaffin jaridu da aka tsoma cikin ruwan filasta, kuma ina mai sanar da shugaban wannan jarida cewa akwai lambobinta da dama a cikin tsaunin Jengre. Duwatsun Jos mulmulallu ne, wani bisa wani kamar an ɗora da hannu. Na sassaƙa su daga farin kumfan da ake naɗe firiji da shi, na shafe da filasta, na bi su da baƙin fenti mai ruwa-ruwa don ya kwanta cikin tsagogi. Ƙasa kuwa ba a kwaikwayonta, ta gaskiya ake sawa: jar ƙasa da rairayi, a busar, a tankaɗe da rariya mai laushi, domin tsakuwar gindin dogo mai santimita biyar a nan ba ta kai milimita ɗaya ba. A barbaɗa ta a bushe, a daidaita da gashin kaza, sa'an nan a ɗiga mata gam ɗin katako da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulu. Sabulun shi ke sa ruwan ya nutse maimakon ya dunƙule a sama. Kwana ɗaya ta daskare kamar daɓe.

Itatuwa daga wayar lantarki nake yinsu: a feɗe roba, a murɗa siraran wayoyin jan ƙarfe su zama gindi, a rarraba su sama su zama rassa, a manna musu marmashin soso da aka rina. Ɗorawa sai an baje mata kai, kuka sai an yi mata tumbi, giginya kuwa ganyenta daga takarda ake yankawa ɗaya-ɗaya. Shingen ƙerana da mutanen tudun Jos ke kewaye gonakinsu da shi, da zaren da aka tsoma cikin gam na yi shi. Ɗakunan ƙauye da yumɓu na gina su, tsawon kowane santimita uku da rabi, jinkarsu ta gashin tsohon buroshi. Kwanon rufin tasha kuwa takardar azurfa ce ta cikin kwalin shayi, wadda na danna a kan matsefi har ta yi ƙunya-ƙunya. Ƴan mutanen da ake sayarwa a Turai duk da kwat da malafa suke zuwa. Sai na ɗinka musu manyan riguna da zannuwa da takarda mai laushi, na naɗa musu rawuna da zare. Daga ƙarshe sai a tsufar da kome, domin sabon abu shi ke tona asirin maket: a goga wa taragu garin alli mai launin ƙasa, a shafa wa bututun jirgi baƙin tukunya, a bar tsatsa ta zubo daga kan kwano.

Mai maket a Turai sanyi da laima yake tsoro. Mu a nan abokan gabanmu huɗu ne. Na farko ƙura. Wutar da ke tafiyar da jirgin, wadda ba ta wuce bolt 12 ba, ta cikin ƙarafan dogo take bi ta shiga ƙafafunsa, saboda haka ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta tsayar da shi cik. Sai an rufe teburin da zane, an kuma goge dogo da tsumma kafin kowace tafiya. Na biyu zafi. Ƙarfen dogo mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan sulusin milimita in zafi ya hau da digiri 20, kuma a ma'aunin da tazara duka milimita 9 ce, wannan ya isa ya kayar da jirgi. Dole a bar ɗan giɓi a kowace mahaɗa, kamar yadda masu babban dogo ke yi. Na uku gara, wadda take ganin falanki da kwali da gam kamar an yi mata walima. Ƙafafun teburina a cikin gwangwanayen baƙin mai suke tsaye. Na huɗu ɗaukewar wuta, wadda batirin mota ya raba ni da ita.

Na san ƴan kasuwa za su ce a faɗi kuɗin. Babu kantin da ke sayar da waɗannan kaya a kusa da mu. Sai an yi saƙo ta hannun matafiyi. Kan jirgi da ƙarafan dogo su ne masu tsada, kuma na hannu sun wadatar. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya, ga albashi yana zuwa da jinkiri. Shekarun nan su suka mai da ni maƙerin kaina. Taragu goma sha ɗaya da nake da su yanzu, bakwai da kwali da itacen ashana na yi su, ƙafafunsu kaɗai na saya. In aka haɗa abin da na kashe a shekara, bai kai abin da wasu abokan aikina ke kashewa a goro da taba ba.

Wata rana maƙwabcina, wani Alhaji mai manyan motocin ɗaukar kaya, ya shigo ya daɗe yana kallo. Jirgin yana tafe a hankali, santimita shida a daƙiƙa, wanda ya yi daidai da kusan kilomita 19 a awa a ƙasar gaskiya. Ya ce, "Malam, wannan abu nawa yake kawo maka a wata?" Na ce, "Ko dala, Alhaji." Ya girgiza kai. Sai na ɗauko wani tarago da na saya daga baya, na tazarar milimita 12, irin na layin Paraku, na ce ya ɗora mini shi a bayan jirgin. Ya gwada, ya sake gwadawa, ƙafa ɗaya ta hau ɗaya ta zame. Ya ce, "Ai wannan ba hanyarsa ba ce." Na ce haka abin yake a manyansu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ke nan in kaya sun zo inda hanyoyin suka haɗu, sai an sauke an sake lodi. To wa zai biya ƴan dako, da kwanan da kaya za su yi a ƙasa, da buhun da zai fashe?" Na ce, "Kai ka fi ni sani, Alhaji."

Abin da ya kashe ƙaramin dogon Bauci ke nan. Duk kuzar da ya sauko da ita, sai an juye ta a Zariya cikin taragun milimita 1,067. Da babban layi ya iso Jos daga Kafanchan a 1927, kaya suka riƙa tafiya bakin teku ba tare da juyi ba, ƙaramin jirgin ya rasa abin ɗauka, ya yi ta jan ƙafa shekara talatin har aka rufe shi. Wannan darasi bai tsufa ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. Dogon Najeriya ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, nan ne gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta riƙa samun jirgi. Na Dahome ya tsaya a Paraku a 1936, kilomita 438 daga Kotonu. Daga 1953 aka shirya jigilar da ake kira Irondel don a karkata gyaɗarmu can, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa wadda daga baya ta zama OCBN, ana ta alkawarin layin zai ƙaraso. Tsakanin 2014 da 2016 an shimfiɗa wajen kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso da tazarar mita ɗaya, ba tare da an sada shi da Paraku ba. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, shi kuma da tazarar 1,435. Wato awo uku ke kewaye da mu, kuma babu biyu da tarago ɗaya zai iya bi. Akwai magani: ana iya shimfiɗa ƙarfe na uku yadda jirgin mita ɗaya da na 1,435 za su bi hanya guda, ko a dogara da kwantena da injin ɗagawa. Amma tsakanin mita ɗaya da 1,067 bambancin ya yi ƙanƙanta ga ƙarfe na uku, sai dai huɗu. Ɗan kasuwar da zai biya kuɗin juyi, da ma'aikacin da zai sa hannu a takarda, ya kamata su yi wannan tambaya tun kafin a zuba tsakuwa. Ni a kan tebur na fara fahimtarta, inda gyaran kuskuren awo bai wuce aikin yammaci ɗaya ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan damuna. Mu da muka tashi a da, mun ƙera motocin kara da na gwangwanin madara, har da ƙofa mai buɗewa da sitiyarin waya. Yaranmu suna da wannan ido da wannan hannu, sai dai wayar salula tana ƙwace musu lokacin, kuma ba wanda ya taɓa miƙa musu abin awo ya ce su gwada. Ran Asabar yaran unguwa kan taru wurina. Sharaɗina ɗaya ne: duk wanda ke son abinsa ya hau teburin, ya je ya auna na gaskiya, ya raba gida 87, ya kawo mini lissafin a takarda. Wani yaro da mushensa ya ce ba ya jin lissafi ya je kasuwa ya auna amalanken jaki da igiya, ya dawo ya yi rabawa har sau uku sai da ta fita. Amalankensa yana nan a bakin tasha, tsawonsa santimita biyu da ɗan kai, ɗauke da buhunan da aka yi da ƙwayar shinkafa. Wata yarinya ita ta gano cewa jan wayar da ke kai wuta ya kwance daga dalmarsa, bayan manya biyu sun duba ba su gani ba. Ƙasar da ke jiran jirgi za ta buƙaci masu awo da masu walda da masu gyaran lantarki, kuma daga irin waɗannan yara za su fito. Da kowace lakwal ko gidan matasa za su sami falanki guda da ɗan jirgi guda, da an ga abin mamaki.

Na sani irin wannan gini ba ya daɗewa bayan mai shi. Wani Ba'amurke, John Allen, wanda masu maket ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye wajen gina tsaunuka, ya rasu a watan Janairu na 1973, kwana goma bayan haka gobara ta cinye aikin da ya yi shekaru kusan ashirin yana yi. Hotuna kawai suka rage. Nawa ma filasta ne da kwali. Amma jikokina sun riga sun san cewa kakan mahaifinsu ya hau jirgi daga Zariya zuwa Jos da ƙunshin tufafi a ka, sun san ta inda ya bi, suna kuma iya nuna shi, domin yana nan tsaye a bakin tasha da farar riga da sanda, santimita biyu cif.

Wanda duk sha'awa ta kama shi, shawarata ita ce ya fara da kaɗan. Ya nemi tsohon ƙyauren ɗaki ya ɗora a kan ƙafafu, ya yi saƙon kan jirgi guda da mita uku na dogo, ya zaɓi wuri ɗaya da ya sani sosai, ko wanda aka ba shi labarinsa. Kada ya manna kome sai jirgin ya zagaya sau ɗari bai faɗi ba. Bayan haka ya ɗauki rariya ya fita bayan gari neman ƙasa mai launin da yake so, amma ya nemi izinin uwargida kafin ya taɓa rariyar. Ni dai a wannan damina gadar rafi nake sake wa ginshiƙai, kuma ina neman wanda zai kawo mini ɗan ƙunshin jar ƙasar Jos in ya je fatauci.